Dashena ya saba da fitilar dare, ta yaya zan fitar da shi rana bai ƙone ba?

Maman Hanwa ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema daga waɗanda suka san kan renon iri, musamman wanda ya taɓa yin sa a ɗaki da fitila.

A unguwar Hanwa ta Zariya nake zaune, kuma akwai ɗan fili a bayan gidanmu inda nake shuka kayan miya. Bana ban yi gadon reno a tsakar gida ba, don ruwan Satumba yakan doke irin ya kwantar da shi, wanda ya tsira kuma kaji da ƙadangaru su ƙarasa. Sai na sayi tiren reno mai ramuka, na jera a kan katako a ɗakin ajiya, na rataya dogayen fitilun LED farare guda biyu a samansu, tazarar ba ta wuce ɗani ɗaya ba. Akwai tumatir UC82B, akwai attaruhu da tattasai, akwai yakuwa 'yar kaɗan, sai albasa da na yayyafa a wani tsohon baho.

Ga inda matsalar take. A layinmu wuta ta fi zama da dare, batirina kuma ƙarami ne, ba ya ɗaukar fitilun wuni guda. Don haka da magariba nake kunna su, sai hantsi nake kashewa, kimanin awa 16 ke nan. Ɗakin taga ɗaya ce ƙarama, ita ma da labule, da rana duhu ne a ciki. Wato ranarmu ita ce darensu tun da suka tsiro.

Yanzu tumatirin ya yi ganye huɗu ban da 'yan biyun nan na farko, saiwa ta fara leƙowa ta ƙasan tire, na san lokacin dasawa ya yi. Ga shi mun shiga Nuwamba, hazo ya fara sauka da safe. Na gwada fitar da guda biyu na ajiye a kan dakali daga hantsi zuwa azahar don in ga yadda za su yi. Kafin la'asar sun yi yaushi, washegari ganyen sama ya yi fari fat kamar takarda, in ka taɓa sai ya ɓarɓashe. Ganyen ƙasa da ke cikin inuwar na sama bai yi komai ba.

Abin da nake son sani: sai na rage awannin fitilar kafin in fitar da su? In haka ne, lokaci ɗaya zan rage ko kaɗan-kaɗan? Kuma wannan juyewar dare da rana za ta cutar da su? Na sha wahala a kan irin nan, ba na son in rasa shi a matakin ƙarshe.

Malamin Gona Samaru ya amsa:

Wa alaikumus salam Hajiya. Sannu da ƙoƙari, kin yi abin da mutane da yawa ba sa yi, kin gwada da guda biyu kafin ki fitar da duka.

Abu biyu ne a tambayarki, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Yawan awanni daban, ƙarfin haske daban, kuma abin da ya ƙona miki ganye ƙarfin haske ne. Rana tsaka a garin nan, in sama ta washe, tana kai wa wajen lux 100,000 a ma'aunin ƙarfin haske. Fitilun gida irin naki ba sa ko kusantar haka. In kina da manhajar auna haske a waya, ki ɗora wayar daidai kan ganye a ɗaki, sannan ki fita tsakar gida da azahar ki sake aunawa, za ki ga tazarar da idonki. Ban da haka, rana tana ɗauke da wani haske da ido ba ya gani, wanda ake kira UV, farar fitilar LED kuwa kusan babu shi a cikinta. Ganyen da ya girma a ɗaki fatarsa siririya ce, bai taɓa gamuwa da wannan hasken ba, bai taɓa gamuwa da iska ba. Shi ya sa na sama ya ƙone, na ƙasa da ya samu inuwa ya tsira. Ganyen da ya yi fari ba ya dawowa, amma in kan tsiron bai mutu ba, sabon da zai fito a waje zai fito da ƙarfinsa.

Maganar awanni kuwa, tumatir ba ya cikin shukokin da tsawon wuni ke sa su fure ko hana su. Attaruhu da tattasai ma haka. Ko kin sauke su daga awa 16 zuwa 12 ba za su fasa fure ba. Abin da tumatir ba ya so shi ne a hana shi duhu gaba ɗaya, in ana barin fitila dare da rana ba hutu sai ganye ya fara ɗorawa-ɗorawa. Wannan ki riƙe shi, don shi ne tarkon da ke gabanki: in kika fara fitar da su da rana kuma kika ci gaba da kunna fitila tun magariba har hantsi, kin ba su haske kusan awa 24.

Zariya tana kusan digiri 11 ne arewa da tsakiyar duniya, don haka wuninmu ba ya canjawa sosai. A Disamba yana wajen awa 11 da rabi, a Yuni bai cika awa 13 ba. A wannan watan rana tana fitowa wajen shida da rabi saura, ta faɗi shida da 'yan mintuna. Wannan ne agogon da za su koma kai, kuma shuka tana da agogonta a jiki. Ƙananan ƙofofin da ke bayan ganye, waɗanda take numfashi da su, suna buɗewa ne daidai lokacin da ta saba ganin gari ya waye. Naki sun saba da wayewar gari da magariba. Cikin 'yan kwanaki agogon yake gyaruwa, amma bai kamata a haɗa musu gyaran agogo da zafin rana da dasawa duk rana ɗaya ba.

Da ni ne, ga yadda zan yi, tunda wutar lantarki ba ta samuwa da rana a wajenki. Yau da magariba kada ki kunna. Ki bar su su kwana a duhu, wannan dogon duhun na kwana ɗaya ba zai yi musu komai ba. Da kiran assalatu ki kunna fitila, in gari ya waye sosai ki kashe, ki ɗauki tirukan ki kai baranda ko gindin bango inda haske yake amma rana ba ta bugawa kai tsaye. Su wuni a nan. Da yamma ki mayar ɗaki, ki kunna musu daga magariba zuwa bayan isha'i, ki kashe. Kin ga sun samu wajen awa 15, sun samu duhunsu a tsakiyar dare, batir ma ya huta. Kwana biyu ko uku a haka, inuwa zalla.

Daga nan sai ki fara ba su ranar safe. Awa ɗaya a ranar farko, kafin ƙarfe tara. Washegari biyu. Haka za ki riƙa ƙarawa, kina ja zuwa walaha, a lokaci guda kina yanke rabin awa zuwa awa ɗaya daga fitilar yamma kullum har ta ƙare, sannan ki yanke ta asuba. Ranar azahar ita ce ta ƙarshe da za su gani. Duka aikin kwana 7 zuwa 10 ne, naki da suka fito daga ɗaki mai duhu zan ba su goman cif. In kika ga yaushi kuma ƙasar tire da damshi, ba ƙishi ba ne, rana ce ta yi yawa, ki mayar inuwa ki maimaita matakin jiya.

Ɗan Fadamar Galma ya amsa:

Hajiya barka da aiki. Ni ban taɓa reno da fitila ba, a bakin kogin Galma muke, rana ce fitilarmu. Kuma gaskiya a ƙasar nan da Allah Ya hore mana rana, da kin tambaye ni tun farko da rumfa zan ce ki yi. Amma tunda iri ya riga ya tashi, maganar Malam daidai ce, kuma ba ta da bambanci da abin da muke yi.

Mu in mun zuba iri a gado, ciyawa muke rufawa. Ya tsiro, sai mu ɗaga ciyawar mu yi 'yar rumfa da kara, tsayin gwiwa. Saura kamar sati a cire, kullum sai mu zare ciyawa kaɗan daga rumfar, hasken yana ƙaruwa, har a wayi gari babu komai a sama. Ruwa ma muna ragewa a satin nan, ba har ya bushe ba, a dai bar saman ƙasa ya sha iska kafin a sake zubawa. Taki kuma a dakata da shi, musamman yuriya. Dashen da aka cika wa taki da ruwa yakan yi kore shar ya ba ka sha'awa, amma jikinsa ruwa ne, rana ɗaya ta kwantar da shi. Wanda muke so shi ne gajere mai kaurin kara, in ka shafa shi da tafin hannu ya tashi tsaye.

Abin da Malam bai taɓo ba shi ne iska. Ta hunturu ta fi rana ɓarna a wajen ƙaramin dashe, don busasshiya ce, tana tsotse ruwan ganye kafin saiwa ta kawo wani. Daga gabas da arewa take zuwa. Ki kafa zana ko buhu ta wannan gefen kafin ki fara fitarwa. Kuma tire ba gado ba ne, ƙasar cikin ramin 'yar kaɗan ce, a iskar nan tana iya bushewa tsakanin hantsi da azahar, sai kina leƙawa.

Ranar dasawa ki jiƙa tiren tun da safe, ki jiƙa fangalin, ki bari sai bayan la'asar rana ta yi sanyi. Tumatir ki binne shi har kusa da ganyen farko, zai yi saiwa a jikin karan. Attaruhu da tattasai kada ki zurfafa, yadda suke a tire haka za ki sa su. Kuma kada ki yi musu gaggawa don kin ga tumatir ya isa, su sukan kai sati shida ko fiye a reno, kuma ba sa son sanyin asuba irin na Disamba, sai su tsaya cak ba girma. Ki bar su suna kwana a ɗaki bayan tumatir ya fita.

Maman Hanwa ta sake rubutawa:

Na gode Malam, na gode Baba, Allah Ya saka da alheri. Jiya ban kunna da magariba ba, yau suna baranda tun bayan sallar asuba da gari ya yi haske, kuma ban ga wanda ya yi yaushi ba. Zana ma akwai wata tsohuwa, yaran sun ɗaura ta a gefen gabas.

Baba, rumfa na so yi, amma tsakar gidanmu siminti ne, bayan gida kuma a Satumba ruwa ke kwanciya har ya shanye ƙafa. Ɗakin ne kaɗai wurin da na ga iri zai tsira.

To ga wani abin da ya tayar mini da hankali da na fito da su cikin haske na duba da kyau. Albasar nan ganyenta bai wuce uku ba, siririya ce ƙwarai, amma gindinta ya fara kumbura, wasu har sun yi ɗan kai ja kamar girman gyaɗa ƙarama, wuyan kuma ya yi laushi. A sanina albasa sai ta yi lawashi sosai take fara kai. Ita kuma yakuwa akasin haka, ta fi kowa tsawo, ganye kawai take yi, alhali ta maƙwabciyata da ke waje tuni ta yi fure ta ɗaura zoɓo. Shin fitilar ce ta jawo wannan? Kuma su ma tsarin da Malam ya bayar zan bi da su?

Malamin Gona Samaru ya sake amsawa:

Fitilar ce, Hajiya, kuma a nan ne awanni suke da muhimmanci na gaske. Waɗannan biyun ba irin tumatir ba ne, suna ƙirga tsawon wuni.

Albasa tana fara kai ne idan wuni ya kai wani tsawo. Irin da muke nomawa a Arewa ana kiran sa na gajeren wuni, awa 11 zuwa 12 sun ishe shi, saɓanin na ƙasashen Turai da ke jiran awa 14 ko fiye. Ke kuma kin ba ta 16. A wajenta lokacin kai ya yi har ya wuce, shi ya sa ta daina ganye ta hau tara abinci a gindi tun tana jaririya. Girman kan albasa kuwa daga yawan ganyen da ta yi kafin ta fara kai yake zuwa, kowane ganye ɓawo ɗaya ne a cikin kan. Dalilin da ya sa noman rani ke ba da albasa mai kyau ke nan: ana dasawa wuni yana gajarta, sanyi yana shigowa, ta yi ta lawashi a Disamba da Janairu, sai zafi ya fara dawowa ta ɗaura kai.

Don haka albasa ba a yi mata kaɗan-kaɗan. Daga yau ki raba ta da fitila kwata-kwata, ta asuba da ta yamma duka. Ki bar ta da hasken gari kawai, in za ta kwana a ɗaki ki sa ta inda hasken fitilar tumatir ba ya kai wa, ko ki kifa mata kwali. Sabawa da ƙarfin rana kuwa a hankali za ki yi mata kamar sauran. Waɗanda gindinsu bai kumbura ba su za ki dasa. Waɗanda suka riga suka yi kai har wuya ya yi laushi, kada ki sa rai da babban kai daga gare su, ki ware su gefe guda ki ci lawashinsu. In kina da sauran iri, ki zuba sabo a waje yanzu, ruwan sama ya ɗauke, kuma lokaci bai ƙure ba sosai.

Yakuwa kuma dogon dare take jira kafin ta yi fure. Shi ya sa ake shuka ta da damina ta yi ta girma, sai wuni ya fara raguwa a ƙarshen damina ta fure. Taki ba ta taɓa ganin dogon dare ba. Da zarar ta fita ta samu daren Nuwamba mai fiye da awa 12, cikin 'yan makonni za ta fara fure, komai ƙanƙantarta, kuma da ta fara fure ganye ya ragu. To ya danganta da abin da kike so. In zoɓo ne, ƙaramar shuka ba za ta ba ki abin kirki ba, gara ki jira damina. In ganyen miya ne, ki dasa ta inda ƙwan lantarkin tsakar gida ke haskawa da dare zuwa ƙarfe tara ko goma, wannan ɗan hasken yana iya jinkirta furen, ki kuma riƙa tsinke kanta.

Wannan halin ba baƙo ba ne ga manomanmu. Dawa irin su Kaura da Farafara haka suke, ko ka yi shuka da wuri ko ka ɗan makara, kusan lokaci ɗaya suke fitar da kai a ƙarshen damina. Waken gargajiya mai yaɗo ma haka. An daɗe ana nazarin wannan a Samaru, inda aka fara binciken gona tun 1922, kafin wurin ya zama cibiyar binciken aikin gona (IAR) ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

Anti Gyallesu ta amsa:

'Yar'uwa, ni ma a ɗaki nake reno, abin da zan ƙara miki ɗaya ne. A ɗaki dashenki ba ya ganin ƙwari, ranar da ya fita baranda ranar za su same shi. Farin ƙuda yana zama a bayan ganye, shi ke kawo cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir ya ƙanƙance, kuma in ta kama shi yana ƙarami ba ya yin 'ya'yan kirki. Ga kuma sharon, tsutsar nan mai cin ganye da 'ya'yan tumatir, wadda ta cinye tumatirin Arewa a 2016 har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kai. Uwarta da dare take yawo tana saka ƙwai.

Tsohon gidan sauro nake ɗaurawa a kan sanduna huɗu in rufe tirukan, in danne gefen da duwatsu. Ba ya hana farin ƙuda ɗari bisa ɗari, don ramukansa sun fi su girma, amma yana ragewa, yana hana ƙadangare da kaji, kuma yana tace rana kaɗan. In kika ninka shi biyu a kwanakin farko, sannan kika mayar ɗaya, kin samu irin rumfar da Baba ya faɗa. Ki tabbata kin wanke shi sosai in mai magani ne. Fitilar yamma kuma a cikin ɗaki ki kunna ta, ƙofa a rufe, kada ki kai ta baranda, haske da dare kiran ƙwari ne. Saboda haka ma in za ki bi shawarar Malam ta sa yakuwa ƙarƙashin ƙwan lantarki, ki nisanta ta da tumatir.

Kwana biyun ƙarshe kafin dasawa ki bar tumatir ya kwana a waje cikin gidan sauron, ya ɗanɗana raɓa da sanyin asuba tun yana tire.

Maman Hanwa ta sake rubutawa:

Allah Ya biya ku duka. Tumatir yanzu yana shan rana har walaha, fitilar yamma ta ƙare, saura ta asuba. Sabon ganyen da ke fitowa ya fi na ɗaki duhu da kauri, karan ma ya ɗan yi shuni daga ƙasa, yana da gashi-gashi. Albasar na tsince ta, fiye da rabi ba su kumbura ba, su na ware don dasawa, na kuma zuba sabon iri a bayan gida na rufe da ciyawa yadda Baba ya ce. Yakuwa ganye nake so, na kai ta can kusa da ƙofar madafa inda ƙwai ke kunne, nesa da tumatirin.

Baba, tambaya ɗaya ta rage. Fangalin da zan dasa tumatir bangon maƙwabta yana tare masa rana har wajen ƙarfe goma, daga nan ita ce har la'asar. Kafin in dasa, in mayar da tirukan can su saba da wannan ranar ta tsaka, ko in ci gaba da ba su ta safe a baranda har kwanakin su cika?